Noman Filayen Hukuma da Ke Kwance Domin Ciyar da Mabukata

Wannan shi ne jawabin da ma'aikacinmu na sashen raya karkara ya gabatar a taron wakilan ikilisiyoyin ƙauyuka da aka yi a birnin Katsina. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba. A karanta shi a taron dattawa, da na Zumuntar Mata, da na matasa.

  Mun san wasunku sun baro gida tun da asuba daga Malumfashi, Ƙafur, Funtuwa, Musawa da Matazu. Mun gode wa Allah da ya kawo ku lafiya.

An ce mu yi magana a kan yadda ikilisiya za ta iya noma filayen hukuma da ke kwance, domin ciyar da waɗanda ba su da abinci. Ba za mu koya muku noma ba. Yawancinku da fartanya a hannu kuka tashi, mu kuwa biro muka fi riƙewa. Abin da muka kawo muku shi ne abin da muka koya a nan Katsina, har da kuskuren da muka yi, domin kada ku maimaita shi.

Halin da muke ciki

Ba sai an faɗa muku ana yunwa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau, kuɗin taki ya hau, farashin tiyar gero ya bi su. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Daga baya farashin hatsi ya ɗan sauka, amma wanda ba shi da ko sisi a aljihu bai ji saukar ba.

Ga kuma matsalar 'yan bindiga. Mutane da yawa daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara da Faskari sun bar gonakinsu domin tsira da rai. Wasunsu sun shigo birnin Katsina, suna zaune a kangaye da gidajen dangi. Manoma ne, sun iya aiki. Gona ce ba su da ita.

A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina, cikin watanni shida na farkon shekarar. Waɗannan su ne waɗanda aka iya kaiwa asibiti. Yaron da ya mutu a gida ba ya cikin wannan lissafi.

Yanzu ku tuna da hanyar da kuka biyo zuwa nan. Filaye nawa kuka wuce da ba a shuka kome a kansu ba? Bayan makarantar firamare. Gefen ɗakin shan magani. Harabar tsohon ofishin gona. Kusa da tankin ruwan da ya daina aiki. Tumfafiya ce da ƙarangiya da ledoji suka cika su. A gefe ɗaya ga manomi ba gona, a ɗaya gefen ga fili ba manomi. Aikin da muke kira ikilisiya ta yi shi ne ta haɗa waɗannan biyu, ta hanyar da ba za ta jawo rigima ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne

Kakanninmu suna da al'adar kala. In an gama roron gyaɗa ko girbin dawa, mai gona ba ya hana tsohuwa ko maraya shiga su tsinci abin da ya rage. A Littafin Firistoci sura 19, Allah ya umarci Isra'ilawa kada su girbe gonakinsu ƙaf, su bar gefen gona domin matalauta da baƙi. Da wannan doka Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza. Mu lura da abu biyu a labarin Rut. Ta yi aiki da hannunta tun daga safe har yamma. Ta kuma nemi izini kafin ta shiga gonar. A kan waɗannan abubuwa biyu dukan jawabinmu na yau ya tsaya.

A nan Katsina, duk wanda ya bi ta wajen Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri da rani zai ga lambuna a bakin magudanar Ginzo. Latas, kabeji, alayyafo da albasa suna fitowa daga ƙananan komaye zuwa kasuwannin gari. Waɗannan 'yan lambu sun daɗe da nuna cewa ɗan fili a gefen birni yana iya riƙe iyali.

Iyayenmu da ke nan za su tuna da 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka sani da OFN. An ce makarantu da barikoki da ofisoshi su noma filayensu, aka tura ɗalibai gona lokacin dogon hutu. Da gwamnati ta canja, shirin ya bi ta, domin daga sama ya zo, bai yi saiwa a unguwa ba.

A wasu ƙasashe ma an yi. A 1894, bayan masana'antu sun rufe a birnin Detroit na Amurka, magajin garin, Hazen Pingree, ya nemi aron filayen da ke kwance ya raba wa marasa aiki. Iyalai fiye da 900 suka noma dankali da wake a shekarar farko. Akwai abin kunya gare mu a cikin labarin. Da ya roƙi majami'u su tara baiko domin sayen iri, abin da aka samu bai kai dala 14 ba, sai da ya sayar da dokinsa. A birnin Rosario na ƙasar Ajantina kuma, bayan tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 2001, hukumar birni ta fara shiri a 2002. Ta ƙidaya filayen da ke kwance, ta ba talakawa izinin noma su a rubuce, ta buɗe musu kasuwanni. Wannan shiri ya daɗe, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne takardar izinin nan.

Kuskurenmu na farko

Bari mu faɗa muku yadda muka fara. A wata unguwa a gefen birnin nan akwai makarantar firamare mai babban fili a bayanta. Muka je wurin shugaban makarantar, mutumin kirki, muka yi masa bayani. Ya ce, "Ku noma mana, ai lada ne. Gara shuka da wannan ciyawa mai tara macizai." Muka yi godiya, muka fita muna murna. Ba mu rubuta kome ba. Ba mu je wurin mai unguwa ba. Ba mu tambayi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ba.

Muka tara mata, yawancinsu gwauraye da waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Suka share filin, suka kwashe kwalabe da ledoji, suka ɗebo taki a ka. Muka shuka wake da kuɓewa da yakuwa. Damina ta yi kyau. Ana cikin haka aka yi wa shugaban makarantar canjin wurin aiki. Ashe tun kafin mu zo an riga an amince a gina sababbin azuzuwa a wannan wuri. Wata safiya muka tarar da tifa ta juye yashi a tsakiyar waken, saura mako uku a fara roro.

Muka tafi da fushi wurin sabon shugaban. Ya saurare mu, sa'an nan ya ce, "Malam, ina takardarku?" Ba mu da amsa. Shi bai yi laifi ba. Yara suna bukatar azuzuwa, filin kuma na makaranta ne. Laifin namu ne.

Abin da ya fi yi mana zafi shi ne maganar wata tsohuwa daga cikin matan. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce, "'Ya'yana, da kun faɗa mana wurin ba shi da tabbas, da na tafi aikin ƙodago a gonar wani, in sami na sayen gari." Mu asarar kuɗin iri muka yi. Ita damina guda ta rasa. Tun daga ranar muka yi alkawari ba za mu ƙara sa talaka ya zuba guminsa a filin da ba mu da takardarsa ba.

Filin na wane ne?

Babu filin da ba shi da mai shi. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, yana riƙe ta amana domin jama'a. Filayen cikin birni suna ƙarƙashin ofishinsa. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin noma su. Ban da wannan, kowane fili na hukuma yana da ma'aikatar da ke lura da shi. Na firamare yana hannun ofishin ilimi da kwamitin kula da makaranta. Na ɗakin shan magani yana hannun sashen lafiya. Shugaban makaranta ko malamin asibiti mai tsaron amana ne, ba shi da ikon ba da fili shi kaɗai.

Saboda haka a bi ta ƙofar da ta dace. A fara da mai unguwa, shi ya kai ku wurin dagaci ko hakimi in akwai bukata. Daga nan a je ofishin da ke da filin, da sashen gona na ƙaramar hukuma. Kada a aika yaro da wasiƙa. Dattawa su je da kansu, domin zuwa da kai ya fi aike. Malaman gona na hukumar KTARDA suna iya duba muku ƙasar su ba ku shawara a kan iri.

Akwai filayen da za mu gani kamar suna kwance, alhali suna da aiki. Kada mu taɓa su:

• Burtali, mashaya da wurin kiwo. Da rani za ku ga kamar ba kowa, amma hanyar dabbobi ce. Noma burtali yana cikin abubuwan da suka haddasa rikicin da muke kuka da shi yau.
• Maƙabarta, filin idi, filin kasuwa da filin wasan yara.
• Gandun daji na gwamnati.
• Ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da bakin babban titi.
• Wurin da aka kafa wa alama domin hanya ko gini, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda ya ratsa jiharmu.
• Tsohon juji inda aka zubar da batura, baƙin mai ko sharar asibiti.
• Duk filin da ake jayayya a kansa.

Abin da za a rubuta

A Littafin Irmiya sura 32, annabin ya sayi gona daga hannun ɗan'uwansa. Ko da yake dangi ne, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye takardar cikin tukunya domin ta daɗe. Rubuta yarjejeniya ba rashin amincewa ba ne. Mutum yana iya mutuwa, ana iya yi masa canjin wurin aiki, takarda tana nan.

Takarda ɗaya ta isa, da Hausa, a karanta ta da ƙarfi a gaban kowa. Ta ƙunshi waɗannan:

1. Sunan ofishin da ke da filin, da sunan ƙungiyar da za ta noma.
2. Iyakar filin da girmansa. A auna da igiya, a zana shi a bayan takardar.
3. Tsawon lokaci: damina ɗaya ko biyu, ko rani ɗaya, da damar sabuntawa.
4. Cewa aro ne. Ba za a yi gini ba, ba za a sayar ba, ba za a gada ba.
5. Cewa in hukuma ta bukaci filinta za ta jira a yi girbi, ko ta sanar wata uku kafin lokaci.
6. Rabon da za a ba makarantar ko asibitin daga amfanin.
7. Sa hannun shaidu: mai unguwa, wakilin ƙaramar hukuma, limamin unguwa da fasto.

Bari mu tsaya a kan na huɗu, mu yi magana a fili. A garuruwa da yawa na jiharmu mu ne marasa rinjaye. In ikilisiya ta nemi fili, abin da zai fara zuwa zuciyar wasu maƙwabta shi ne, yau lambu, gobe majami'a. Kada mu yi fushi da wannan zato. Mu kawar da shi tun kafin ya yi girma. Mu rubuta cewa ba za mu aza ko bulo ɗaya ba. Kada mu kafa allo mai sunan ikilisiya. Kada mu dasa mangwaro ko wani itace mai daɗewa ba da izini ba, domin a al'adarmu dasa itace alama ce ta mallaka. Ranar da wa'adi ya cika kuma, mu mayar da filin da hannunmu, a share, da godiya. Wanda ya mayar da kayan aro da kyau, shi ake sake ba aro.

A karo na biyu haka muka yi, a gefen wani ƙaramin asibiti. Mun yi wata biyu muna kai da komo kafin a sa hannu. Wasu cikinmu sun gaji. Amma da awaki suka fara ɓarna, mai unguwa da kansa ya sa aka yi shela, domin sunansa yana kan takardar.

Ruwa, ƙasa da iri

Kafin ku yi alkawarin noman rani, ku yi lissafin ruwa. Da rani, komi mai tsawon mita biyar da faɗin mita biyu yana shan jarka biyu zuwa uku masu lita 25 kowace rana. Komi 20 ke nan jarka 40 zuwa 60 kullum. Wa zai ɗebo? Daga ina? In rijiyar da unguwa ke sha ce, za ku ƙafe ta, ku sayi gaba da maƙwabta. In ba tabbataccen ruwa, ku tsaya a noman damina. Daminarmu gajeruwa ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, saboda haka a gama maganar takarda tun da bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku yi hankali da ruwan kwata. Masu bincike sun sha auna ruwan magudanun birane, har da na nan Katsina, suna gargaɗi a kan ƙwayoyin cuta da guba irin ta dalma. In ba wani ruwa sai shi, a bi da shi ta ƙasa zuwa gindin shuka, kada a watsa a kan ganye. A shuka abin da ake dafawa, a guji latas da sauran abin da ake ci ɗanye. Bai kamata mu ba yaro mai tamowa abin da zai sa shi gudawa ba.

Yawancin filayen hukuma fako ne, ƙafa ta tattake su shekara da shekaru. Suna gyaruwa. Maƙwabtanmu na Nijar suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, su zuba taki cikin tafin hannu biyu, ruwan sama ya taru a ciki, su shuka a nan. A yankin Maraɗi kuma, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. Shi ne ake kira sassabin zamani, kuma ya dawo da itatuwa miliyoyi a gonakin Nijar. In kun tarar da tohon sabara ko kalgo a filin, ku rage rassan, ku bar masu ƙarfi. Suna tare iska, ganyensu kuma taki ne.

Me za a shuka? Ƙaramin fili ba zai ba mu tuwo ba. Hekta guda ta gero a gonar talaka sau da yawa ba ta kai buhu 10, filayen da za mu samu kuma ba su kai hekta ba. Abin da ƙaramin fili yake iya bayarwa shi ne miya da abin gina jiki, waɗanda su ne suka fi ƙaranci a tukunyar talaka:

• Alayyafo: ana fara yanka cikin wata guda.
• Kuɓewa, yakuwa, rama da lalo: ana ci ɗanyu, ana kuma busarwa domin rani.
• Wake mai saurin nuna, irin wanda cibiyar bincike ta Samaru da ta IITA suka fitar: yana nuna cikin kwana 60 zuwa 75, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma kuɗi ce.
• Dankalin Hausa mai jan ciki: yana da sinadarin da ke kare idon yara.
• Kabewa da gyaɗa.
• Zogale a jikin shinge, in mai filin ya yarda.

Amfanin waɗannan shi ne da yawa daga cikinsu suna nuna a watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba a kuma fara cin tumu ba. Lokacin ne yara suka fi ramewa. Domin ƙwari, a jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, a tace a yayyafa. A adana wake cikin buhu mai ninki uku ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga, ba sai an sa guba ba. Shinge kuma dole ne, na ƙaya ko darni, tun kafin iri ya shiga ƙasa.

Wa zai yi aiki, wa zai ci?

Iyayenmu sun san bambancin gandu da gayauna. A lambunmu na biyu mun fara da gandu, kowa ya yi aiki ko'ina. Cikin wata guda mutum uku ne kawai ke zuwa ban ruwa. Da muka ba kowace mace komayenta, muka bar shinge da ruwa da iri su zama na kowa, sai aiki ya miƙe. Muka ware wani sashe guda ya zama gandu, ana yin gayya a kansa ranar Asabar, domin tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya duƙawa.

Ga yadda muke ba da shawara a raba amfani. Abin da mace ta noma a komayenta nata ne, sai ɗan abin da aka yarda za ta saka a asusun iri. Amfanin gandu a raba shi uku: kashi biyu ga waɗanda ba sa iya aiki, kashi ɗaya ga makarantar ko asibitin da ya ba da filin. A yanke wannan tun kafin shuka, a rubuta. A sami littafi guda da ake shigar da kowace tiya da kowane kwando.

Rabo shi ne inda rigima take. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikilisiyar farko ma ta yi gunaguni domin ana tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci. Manzanni ba su ɓoye maganar ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai amintattu su riƙe aikin. Mu ma mu zaɓi kwamiti. Mata su fi yawa a ciki, domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A sa wakilin mai unguwa da maƙwabta Musulmi a ciki. Kada fasto ya riƙe kuɗi ko mabuɗin ɗakin ajiya, domin a kare sunansa.

A zaɓi masu amfana bisa ga bukata: gida mai yaro ramamme, mai ciki ko mai goyo, gwauruwa, maraya, naƙasasshe, da wanda ya gudo daga garinsu. Filin na jama'a duka ne, saboda haka amfaninsa na jama'a duka ne, Kirista da Musulmi da wanda ba ya bin ko ɗaya. Kada mu ce wa mai jin yunwa sai ya zo sujada kafin ya sami komi. In muka yi haka mun ci amanar hukuma, mun kuma ɓata shaidarmu.

Abin da lambu ba zai iya yi ba

Lambu rigakafi ne. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya zube, ko ya daina cin abinci, ba zogale yake bukata ba yau. A kai shi asibiti. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani ɗan ma'auni mai launi uku. In ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, yaron yana cikin haɗari, kuma akwai abinci na musamman da ake ba shi. Ku nemi a koya wa mata biyu a kowace ikilisiya yin wannan awo. Lambu kuma ba zai mayar da mutanen Batsari da Jibiya gonakinsu ba. Wannan hakkin gwamnati ne, za mu ci gaba da yin addu'a da kuma yin magana a kansa.

Abin da muke roƙo ku yi in kun koma gida

1. Cikin mako biyu, dattawa biyu da mata biyu da matasa biyu su zaga gari, su rubuta kowane filin hukuma da ke kwance.
2. Ku soke waɗanda bai kamata a taɓa ba. Ku zaɓi guda ɗaya, ƙarami, kusa da ruwa.
3. Ku je gaisuwa wurin mai unguwa da limami, da ardo in akwai makiyaya kusa, ku nemi shawararsu kafin ku nemi filin.
4. Ku ware wani abu daga godiyar kaka ta bana domin iri da shinge.
5. Kada fartanya ta taɓa ƙasa sai takarda ta shiga hannu.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Su wane ne a garinmu suka iya noma amma ba su da gona? Mun san sunayensu?
• Har yanzu muna barin kala a gonakinmu, ko mun daina? Me ya sa?
• Harabar majami'armu fa? Akwai wurin da ke kwance a cikinta? Za mu iya neman filin hukuma alhali namu yana cike da ciyawa?
• Wane tsoro maƙwabtanmu za su ji in muka nemi fili, yaya kuma za mu kawar da shi?

Iyayenmu da 'yan'uwa, tsohuwar nan da ta rasa damina guda saboda sakacinmu ta yafe mana. Ita ce ta fara karɓar komi a lambu na biyu, ita ce kuma take koya wa ƙananan matan yadda ake busar da kuɓewa. Muna roƙonku ku fara da ƙarami, ku bi ta ƙofa, ku rubuta, ku raba da gaskiya. Duk ikilisiyar da take so mu zo mu taya ta auna fili ko rubuta yarjejeniya, ta aiko mana ta hannun fastonta.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kawo salama a jiharmu, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.